Neman Inshora Ga Gidan Da Aka Zuba 'Yan Haya

 Darasin wannan mako ya shafi mutumin da Allah Ya hore wa gida na biyu, ko ta hanyar gado ko da guminsa, ya zuba 'yan haya a ciki, sa'an nan ya shiga tunanin yadda zai tsare kansa daga asarar gobara da ambaliya da rushewar gini. Masu irin wannan gida ba duka ne attajirai ba. Akwai ma'aikacin da ya haɗa kuɗin sallamarsa ya gina 'yan ɗakuna don ya riƙa samun na cefane, akwai matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida guda, akwai kuma marayun da da kuɗin hayar nan ake ɗaukar nauyin karatunsu. Ga irin waɗannan, ƙonewar gida ƙonewar rumbu ce.

Kafin a taɓa maganar inshora, wajibi ne a san wanda shari'a ta ɗora wa asarar gidan haya. Haya, wadda malaman Malikiyya ke kira kira'i idan ta shafi gidaje da dabbobin hawa, sayar da amfani ce, ba sayar da ainihin abu ba. Abin da ɗan haya ya saya shi ne zama na shekara ɗaya. Bango da rufi da harsashin gini suna nan a mulkin mai su. Saboda haka hannun ɗan haya hannun amana ne, idan gida ya ƙone ko ya faɗi ba da gangancinsa ko sakacinsa ba, ba a bin sa ko kwabo. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a babin ciniki na Risala cewa wanda ya yi hayar wani abu ya halaka a hannunsa ba ya ramawa, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. A wannan babi ne kuma ya nuna cewa idan gida ya rushe kafin wa'adin haya ya cika, hayar ta warware a abin da ya saura.

To, a nan ne masu gidaje da yawa ba su lura ba. Al'adar Kano da Kaduna da sauran manyan garuruwa ita ce a karɓi kuɗin shekara tun farko. A ɗauka ɗan haya ya biya naira 600,000, ya zauna wata huɗu, wuta ta tashi ta cinye gidan. Naira 400,000 na sauran wata takwas sun zama bashi a wuyan mai gida, alhali kuwa galibi ya riga ya kashe su tun makon da suka shigo hannunsa. Ga gida ya tafi, ga haya ta tsaya, ga bashi. Wannan hukunci ba zalunci ba ne, ya hau kan ƙa'idar da malamai suka ciro daga hadisin Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, watau wanda ke cin amfanin abu shi ke ɗaukar asararsa.

Har wa yau akwai nauyi na biyu. Shaihu Halilu ya ambata a cikin Muhtasar cewa idan bango ya karkata, aka gargaɗi mai shi, yana da halin gyarawa bai gyara ba, har bangon ya faɗa wa mutum ko dukiya, to ramuwa tana kansa. Gidan da mai shi ba ya kwana ciki shi ya fi shiga wannan hali, domin ba ya ganin tsagar da ke buɗewa a katanga, sai dai a gaya masa, in an gaya masa kuma ya ce sai bayan damina.

Wasu suna cewa neman kariya daga abin da bai faru ba rashin tawakkali ne. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya haɗa biyun. Abin da malamai suka yi saɓani a kai shi ne irin igiyar da za a ɗaure raƙumar da ita.

Malamin fiƙihu na farko da aka sani ya yi magana a kan inshora shi ne Ibnu Abidin, Bahanife mutumin Dimashƙa, wanda ya rasu a 1836. A zamaninsa fataken teku sukan biya wani baƙon ɗan kasuwa kuɗi, bisa sharaɗin in kayansu sun nutse ko sun ƙone ya biya su, sai ya nuna a littafinsa Raddul Muhtar cewa karɓar wannan biya bai halatta ba, domin an lizimta wa mutum abin da shari'a ba ta lizimta masa ba. Da kamfanonin inshora suka yaɗu a ƙasashen Musulmi sai mas'alar ta dawo sabuwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kai a shekara ta 1398 bayan Hijira, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuma ta zauna a Jidda a watan Disamba na 1985. Duka biyun sun tafi a kan cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, inshorar taimakon juna kuwa ta halatta.

Babban dalilinsu shi ne garari. Garari a Larabci shi ne abin da ƙarshensa ya ɓuya, kamar sayar da kifi yana cikin kogi, kuma hani ga cinikinsa ya tabbata a Sahihu Muslim. Mai gida yana biyan kuɗi sananne, amma abin da zai karɓa ba a san ko zai samu ba, ba a san yawansa ba, ba a san lokacinsa ba. Yana iya biya shekara ashirin bai karɓi kome ba, wani kuma ya biya sau ɗaya ya karɓi miliyoyi. Suka ce wannan ya yi kama da caca, sa'an nan musayar kuɗi ce da kuɗi tare da fifiko da jinkiri, ga shi kuma kamfanonin suna juya abin da suka tara a hanyoyin riba. Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, wanda ya rasu a 1999, shi ne ya saɓa wa zaman Makka. A ganinsa abin da mai biya ke saye shi ne kwanciyar hankali, kuma yana samunta tun ranar da ya biya, ya kuma kawo misalin dangin da shari'a ta ɗora wa biyan diyyar kisan kuskure. Hujjar Zarƙa ba ta yarwa ba ce, kuma bai kamata a munana wa wanda ya bi ta zato ba. Amma fa maganar mafi yawan malamai ta fi kusa da tsentseni, balle yanzu da aka sami hanyar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita.

Wannan hanya ita ce takaful. Mai nazarin sarfu zai ga bambancin tun daga sunayen. Inshora a Larabci ta'amin ce, bisa awon taf'il, watau wani ne ke ba wani aminci. Takaful kuwa daga kafala take, wato lamuni, bisa awon tafa'ul, awon da ke nuna aikin da ake yi wa juna, kamar ta'awun da tanasur. A ta farko akwai mai sayarwa da mai saye. A ta biyu jama'a ce ke lamunce wa junansu. Asalinta yana cikin umurnin taimakon juna a kan alheri da ke aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, da kuma hadisin Abu Musa da ke Buhari da Muslim game da Ash'arawa, waɗanda idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalinsu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ke hannunsu a tufa ɗaya su raba daidai da mudu guda, Annabi kuwa ya yabe su, har ya jingina kansa gare su. Wanda ya kawo mudu uku da wanda ya kawo rabi duk rabonsu ɗaya, kuma ba a kira shi garari ba, saboda kyauta ce ba ciniki ba. Malikiyya sun fi kowa faɗaɗa wannan, Ƙarafi ya yi bayani a cikin Furuƙ cewa jahiltar abu tana ɓata ciniki amma ba ta ɓata kyauta, domin wanda aka yi wa kyauta bai fitar da kome ba balle a cuce shi.

Yadda abin ke gudana shi ne, masu gidaje da shaguna kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimako. Kamfani wakili ne kawai, yana karɓar ladan da aka ambata tun farko, yana juya kuɗin asusu a hanyoyin da babu riba. Wanda masifa ta samu a biya shi daga asusun. In asusu ya gaza, kamfani ya ba shi rance marar ruwa, in kuma an sami rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa masu gudummawa gwargwadon yarjejeniya. Kada a ɗauke ta adashi, domin mai adashi kwasarsa tana nan ko ba daɗe ko ba jima, mai takaful kuwa ya bayar ke nan, kuma fatansa kada ranar karɓarsa ta zo. An kafa kamfanin farko irin wannan a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984. A Nijeriya hukumar kula da inshora ta ƙasa, watau NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, ta kuma ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016, wasu suka biyo baya. Ƙa'idojin sun wajabta wa kowane kamfani ya kasance da majalisar masana shari'a da ke duba ayyukansa.

Ta fuskar dokar ƙasa kuwa, sashe na 65 na dokar inshora ta 2003 ya tilasta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora saboda rushewa da gobara da girgizar ƙasa da guguwa da ambaliya, ya kuma lissafa ginin da ɗan haya ke ciki a jerinsu. A shekarar 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin waccan, ita ma ta ci gaba da tilasta inshorar gine-ginen jama'a. Manufar wannan tilas ita ce a sami abin biyan wanda ya ji rauni, ko iyalin wanda ya mutu, ko wanda dukiyarsa ta salwanta a ginin. Inda doka ta tilasta kuma aka rasa takaful, malamai da yawa sun yi rangwame a shiga ta kasuwanci gwargwadon lalura. Wanda kamfanin takaful ke garinsu, ko yake iya samunsu ta waya, ba shi da wannan uzuri.

To, idan mai gida ya ɗaura niyya, abu na farko da za a miƙa masa shi ne takardar tambayoyi, kuma a nan ne gaskiyarsa ke shiga gwaji. Lalle ne ya faɗi cewa gidan na haya ne, ba shi ke zaune ciki ba. Gidan da mai shi ke ciki da gidan da aka zuba iyali biyar, kowa da murhunsa da tukunyar gas da janareta, haɗarinsu ba ɗaya ba ne, gudummawarsu ma ba ɗaya ba ce. Wanda ya yi wa gida inshora yana ciki, daga baya ya tashi ya sa 'yan haya bai sanar ba, yana riƙe da takardar da mai yiwuwa ba za ta amfane shi ba ranar bukata. Haka nan ya faɗi abin da aka yi ginin da shi, bulo ne ko ƙasa, rufin kwano ne ko daɓe. Ya faɗi in an mai da zaure shago, in akwai injin niƙa, ko kafinta, ko mai ɗura gas, ko ɗan bumburutu da ke ajiye jarkokin fetur a bayan ƙofa. Ya faɗi in ruwa ya taɓa shiga gidan. Dillali mai son kamasho yana iya ce masa ya bar wannan layi ba kome, kada ya yarda. A dokar inshora ɓoye irin wannan bayani yana ba kamfani damar ƙin biya. A shari'a kuwa abin ya fi haka muni, domin kuɗin asusu ba na kamfani ba ne, na 'yan'uwansa masu gudummawa ne, cikinsu har da marayun nan da aka ambata, wanda ya rage gudummawarsa da ƙarya dukiyarsu ya ci.

Abu na biyu, wanda ya fi rikita mutane, shi ne adadin da za a rubuta a matsayin darajar gida. Ba farashin da za a sayi gidan a kasuwa ake nufi ba, ba kuma abin da aka kashe shekarar da aka gina shi ba. Abin da ake nufi shi ne kuɗin da za su sake tsai da shi yau, da kwashe ɓaraguzai da ladan ma'aikata. Fili ba ya ƙonewa. Gidan da ke tsakiyar birni yawancin tsadarsa ta fili ce, wanda ya rubuta farashin kasuwa zai yi ta biyan gudummawa a kan ƙasar da wuta ba ta ci. Amma kuskuren da ya fi yawa shi ne ragewa don a biya kaɗan. A takardun inshorar gobara akwai sharaɗin da ke cewa wanda ya rage darajar gininsa ana ɗaukar ya riƙe wa kansa ragowar haɗarin. Misali, ginin da sake shi zai ci naira miliyan 40, aka rubuta miliyan 20, wuta ta yi ɓarnar miliyan 10. Mai gida yana zaton za a ba shi miliyan 10 tun da ba su kai 20 ba, sai a ba shi miliyan 5, domin rabin gidan ya shigar. Wannan ba cuta ba ce, adalci ne ga wanda ya shigar da nasa cikakke. Kuma mutum yana iya faɗawa ciki ba da niyya ba, saboda hauhawar farashi. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, rodi da kwano da katako duk suka bi sahu. Adadin da ya isa bara yana iya zama rabi bana. Maganin wannan shi ne a nemi masanin ƙiyasin gini, ko amintaccen magini, ya sake lissafi duk lokacin sabuntawa.

Sa'an nan a karanta abin da takarda ta ƙunsa, in ba a jin Turancin a sa wanda ya iya ya fassara layi layi. Inshorar gobara zalla takan tsaya ga wuta da faɗuwar tsawa da fashewar gas na girki. Ambaliya da guguwa sai an nemi a ƙara su. Abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehun Borno, ya isa ya nuna cewa wannan ƙari ba almubazzaranci ba ne. Mai gidan haya yana kuma bukatar abu biyu da mai zaune a gidansa ba ya damuwa da su ƙwarai: biyan kuɗin hayar da zai rasa yayin da ake sake gini, da biyan haƙƙin wanda ginin ya cutar. Kayan 'yan haya, katifu da firji da keken ɗinki, ba sa cikin inshorar gini, kuma kyautatawa ce a gaya musu haka tun ranar da suka karɓi makulli, don mai so ya yi wa kayansa tasa. Akwai wani ɗan kaso na farkon kowace asara da mai gida ke ɗauka da kansa. Akwai kuma sharaɗin zaman gida ba kowa, wanda a takardu da yawa kwana 30 ne. In ɗan haya ya fita, gida ya wuce haka a rufe ba a sanar ba, kariya tana iya tsayawa.

Abin da ba a biya ko kaɗan shi ne tsufa da sakaci: rufin da ya shekara uku yana yoyo, katakon da gara ta cinye, bangon da ya jima da tsagewa. A nan dokar kamfani da Muhtasar sun haɗu. Takarda tana iya ɗauke wa mutum biyan kuɗi, amma ba ta ɗauke masa alhakin ran da ya salwanta ƙarƙashin katangar da aka gargaɗe shi a kanta, ko wayar lantarkin da ɗan haya ya yi ta kuka da ita.

Game da wanda zai biya gudummawar, mai gida ne, tun da mulkin nasa ne. A kan haka majalisar Jidda ta tafi a hukunce-hukuncenta na haya. Yana da damar ya lura da wannan nauyi lokacin da yake yanka kuɗin haya kafin a ƙulla, amma ba shi da damar ya ɓullo da shi a tsakiyar shekara ya ce 'yan haya su haɗa. In gidan na gado ne da ba a raba ba, a nemi yardar magada, mai riƙon marayu kuma ya rubuta abin da ya fitar. Kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗi, don haka a biya ta asusun kamfanin, ba ta aljihun dillali ba, a karɓi rasit da takardar yarjejeniya, a kuma duba sunan kamfanin a jerin waɗanda NAICOM ta ba lasisi, domin takardun jabu suna yawo. Ba rashin kunya ba ne mutum ya tambayi nawa ne ladan wakilci, yaya ake raba rara, su wane ne malaman majalisarsu. Kamfanin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya ba da amsa ke nan.

In kuwa ƙaddara ta sauka, Allah Ya kiyaye, sai a sanar da kamfani nan da nan cikin wa'adin da takarda ta ambata, a karɓi rahoton 'yan kwana-kwana, a ɗauki hotuna, kada a kwashe ɓaraguzai sai mai ƙiyasta ɓarna ya zo ya gani. A lissafa abin da ya ƙone kamar yadda yake, kada ɗakin da ba shi da silin ya wayi gari da silin a takarda. Sauran kuɗin hayar mutanen da suka kwana a waje kuwa bashi ne da ya wajaba tun ranar da gidan ya daina zaunuwa, ba ya jiran ranar da kamfani zai biya, sai in su ne suka yarda su jinkirta masa.